Taura Biyu

Takardar samun gurbin karatu ta iso ni a shekarar 2022, wata goma sha ɗaya bayan rasuwar mahaifinmu. Da a ce yana raye, da ya sa an yanka rago. Shi kansa bai wuce aji huɗu na firamare ba, amma ya rayu yana fatan ya ga ɗaya daga cikin 'ya'yansa sanye da rigar kammala jami'a. Ni kuwa na ninke takardar na cusa a cikin littafin bashi na shagon da nake aiki a Kantin Kwari, na ci gaba da ƙirga turamen atamfa kamar ba abin da ya faru.

Lissafin a bayyane yake. Ni ne babba a gidanmu, ƙannena biyar, uku suna makaranta. Albashina na akawu shi ne shinkafar gidan, shi ne kuɗin makaranta, shi ne maganin hawan jinin Umma. Karatun cikakken lokaci yana son mutum daga safe zuwa yamma, kasuwa ma haka take so. Ga shi kuma malaman jami'o'i suna cikin yajin aikin da suka fara ranar 14 ga Fabrairu, wanda bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cif. Kafin shi an yi na 2020, wanda ya ci wata tara. Idan na bar aiki saboda digirin shekara huɗu, ba ni da tabbacin ba zai zama na shekara shida ba. Wa zai riƙe gidan har lokacin?

Na nemi gurbi a sashen karatu daga nesa na wata jami'a, fannin gudanar da kasuwanci. Da labari ya kai kunnen Kawu, ƙanin mahaifinmu, sai ya aiko a kira ni.

"Ɗana," in ji shi, "yayana bai yi maka burin digirin waya ba. Kuma taura biyu ba ta taunuwa. Ko ka yi kasuwa, ko ka yi boko."

Na sunkuyar da kai na ce, "Kawu, gaskiya ne. Amma idan na tofar da ɗaya, ba ni kaɗai zan kwana da yunwa ba."

Ya yi shiru, can ya ce Allah ya sa albarka. Na san bai gamsu ba, ni ma a raina ban gama gamsuwa ba. Abin da ya ɗan kwantar mini da hankali shi ne sanin cewa wannan hanya ba yau aka share ta ba. An kafa Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya tun 1983, aka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a zamanin Obasanjo, wanda shi ma ya zama ɗalibinta bayan ya sauka daga mulki. Na ce wa kaina, tafarkin da tsohon shugaban ƙasa ya bi da furfurarsa bai zama abin kunya ga akawun Kwari ba.

Ba zan ɓoye wahalarsa ba. Ajina shi ne tabarma a ƙofar ɗaki, daga bayan isha'i zuwa sha biyun dare, sai kuma sa'a guda bayan asuba. Allona wayar hannu ce mai tsagaggen gilashi. Sau da yawa an ɗauke wuta ina tsakiyar lacca, na tafi wurin mai caji. Sau da yawa data ta ƙare ana saura kwana biyu a rufe karɓar aikin gida. A zangon farko na faɗi darasin ƙididdiga, domin babu wanda zan ɗaga wa hannu in ce ban gane ba. A daren da na ga sakamakon, maganar Kawu ta dawo mini sabuwa fil.

Shekarar 2023 ce ta nuna mini abin da nake saya da barcina. A farkonta takardun naira suka yi ƙaranci, ciniki ya koma tiransifa. A watan Mayu aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala ta kama hawa. Yawancin kayan da muke sayarwa daga waje ake shigo da su, musamman daga Sin. A lokacin muna karanta bambancin riba a takarda da ƙarfin jari. Na zauna da littattafan shago na dare uku, na ga abin da ya tayar mini da hankali: muna ɗora riba a kan farashin da muka sayo, alhali kuɗin da muke tarawa daga dila goma ba zai sake sayo mana dila goma ba. Ga bashin da abokan ciniki ke riƙewa wata biyu, su biya da nairar da ta riga ta rame.

Na kai wa maigidana lissafin ina ɗar-ɗar. Ya duba, ya yi murmushi ya ce, "Yaro, wannan mun san shi tun kafin a haife ka: ana sayar da kaya ne da farashin gobe. Abin da ban sani ba shi ne yawan jinin da bashi ke tsotsa." Daga ranar ya rage wa'adin bashi zuwa mako biyu. Ni kuma na koyi darasi na biyu: littafi bai zo ya koya wa Kwari ciniki ba, ya zo ne ya sa wa abin da ta sani ma'auni.

Akwai abin da na rasa, kuma na yarda na rasa shi. Ban san daɗin zama a ɗakin karatu har dare ba, ban yi musu da abokai a gindin bishiya ba, ba ni da malamin da zai gane fuskata a hanya. Idan adaidaita sahu ya bi da ni ta ƙofar jami'a na ga ɗalibai suna fitowa da jakunkuna, wani abu yakan tsaya mini a maƙoshi. Wanda yake da halin zuwa ya zauna a aji, ya je. Ba zan ce masa hanyata ta fi ba.

Na sake rubuta ƙididdiga na ci. Ƙanwata ta gama sakandare ba tare da an taɓa koro ta saboda kuɗin makaranta ba. Ranar sallar da ta wuce, Kawu ya jawo ni gefe ya ce lissafin shagonsa na hatsi ya rikice, ko zan leƙo in duba masa. Bai ambaci digirin waya ba, ni ma ban tuna masa ba. Takardar nan ta farko tana nan a ninke cikin tsohon littafin bashi. Saura mini zango biyu.