Na kafa ƙofa, na manta katanga

1/ Jama'a, ku zo ku ji yadda na tona asirin mutane da hannuna.

2/ Kawuna yana da shago a Kantin Kwari. Littafin bashinsa ya fara yagewa, sai na haɗa masa 'yar manhaja a intanet: sunan mutum, kayan da ya ɗauka, kuɗin da ya rage. Ban sa kalmar sirri ba. Na ce ai mu uku ne kawai muka san adireshin.

3/ Ran nan yaron shago ya tura adireshin cikin gurup ɗin WhatsApp na 'yan layi bisa kuskure. Kafin la'asar wani Alhaji ya kira Kawu, murya na rawa, wai kowa ya ga ana binsa kuɗin atamfofin lefen ɗansa. Kawu bai min faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ɗana, amana suka ba mu fa." Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

4/ A daren na haɗa shafin shiga, suna da kalmar sirri. Ina ta jin kaina gwani. Da safe abokina ya gwada, ko kallon shafin bai yi ba, ya rubuta adireshin shafin bashin kai tsaye. Ya buɗe tas! Ashe ƙofa na kafa a fili, babu katanga.

5/ Gyaran: duk shafin da aka nema, sai sabar ta duba kukin da ta ba mutum lokacin da ya shiga. Babu kuki, a mayar da shi bakin ƙofa.

6/ Sai ya leƙa rumbun bayanan, ya ga kalmar sirrin Kawu a rubuce ɓaro-ɓaro. Lambobin da yake buɗe wayarsa da su ne ma. Ya ce in sa bcrypt. Tun 1999 ake amfani da ita. Niƙe kalmar take yi, kamar gero ya zama gari, ba ya komawa. Tana haɗa kowace da nata gishirin, kuma da gangan aka yi ta da nawa, don mai canki-canka ya gaji.

7/ Na ƙara da cewa in aka yi kuskure sau 5, a jira minti 15. Kawu ne ya fara faɗawa tarkon.

8/ Alhajin nan ya aiko da kuɗin cif bayan sati biyu. Har yau bai sake tako shagon ba.