Sautin Da Ke Tsakanin Huda Biyu

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon 'yan badujala na soja ko na 'yan sanda ranar fareti ya ga kilarinet, ko da bai san sunanta ba. Ita ce baƙar sarewar nan ta katako mai tarkacen fararen ƙarafa a jiki, wadda ake riƙewa a gaba kamar algaita, sai dai mai busa ta ba ya kumbura kumatu. A birnin Nurembag na Jamus aka fara ƙera ta wajen shekarar 1700, a hannun Johann Christoph Denner. Wajen 1840 kuma wasu Faransawa biyu, Klose da Buffet, suka sake mata tsarin da aka fi amfani da shi har yau, wato maɓallai 17 da zobba 6.

Mai karatu zai ce me ya haɗa mujallar marubuta da kayan busa? A yi mana haƙuri, akwai wata gardama da muka daɗe muna yi da wannan sarewa, kuma muna jin ta shafi duk mai riƙe alƙalami.

Turawa sun ɗauki tazarar da ke tsakanin sauti da takwaransa na sama suka yanka ta gida 12 daidai wa daida, kamar matakalar bene. Kowace huda da kowane maɓalli na kilarinet an auna shi ne don ya ba da ɗaya daga cikin matakan nan. Abin da ya faɗo tsakanin mataki da mataki kuwa, a wurin malamin badujala sunansa kuskure. Wanda ya koya mana busa tsohon ɗan badujala ne da ya yi ritaya, kuma da yatsa ya ɗan zame sauti ya karkace, sai ka ji ya buga ƙafa a ƙasa.

To amma fa kunnenmu ba a filin fareti ya girma ba. Ya girma ne da kaset ɗin Abdulbasid da Minshawi da Husari da ake sakawa a shaguna tun da sanyin safiya, da muryar Ummu Kulsum a wurin waɗanda suka yi karatu a Masar ko Sudan. Ba muna haɗa karatu da kiɗa ba ne, maganar kunne muke yi. Makarantan Masar sun saba buɗewa da salon muryar da suke kira Bayati, kuma matakinsa na biyu ya wuce rabin taki na Turawa amma bai kai cikakken taki ba. A takarda ana auna irin wannan da rubu'in sauti. Ranar da muka so mu fitar da Bayati a kilarinet, sai muka tarar hudar sama ta yi sama, ta ƙasa ta yi ƙasa, abin da kunne ke nema yana tsakani, inda maƙeri bai huda ba.

Dabarun samunsa ba su da yawa. Akwai rufe rabin huda da gefen yatsa, wanda ke buƙatar yatsa ya san wurinsa kamar yadda yatsan mai goge ya san tsirkiya. Akwai barin huda ɗaya a buɗe sannan a toshe wata ko wasu da ke ƙasa da ita, sai sautin ya ɗan sunkuya. Wannan ta fi tabbas, amma tana da kuɗinta, domin kuwa sautin kan fito a dushe, kamar mai magana da mura, har ya bambanta da maƙwabtansa. Akwai kuma sassauta leɓe da muƙamuƙi a kan ɗan siririn karan nan da ke ɗaure a bakin sarewar, wanda shi ke kaɗawa ya ba da murya. Da leɓe saukar da sauti ya fi ɗaga shi sauƙi, saboda haka gwanaye kan kama matakin sama su janyo shi ƙasa.

Mabusan Turkiyya, irin su Mustafa Kandirali wanda ya rasu a 2020, a nan suka yi fice. Sukan zaɓi kilarinet mai ɗan tsawo, mai ƙarancin ƙarafa, su ɗaura mata kara mai laushi, sai ka ji tana lanƙwasa kamar muryar mutum. Ba su jira maƙeri ya ƙara musu huda ba.

Wasu a Turai sun bi ta wajen maƙerin. Alois Haba, mutumin ƙasar Cek, wanda ya taso yana jin irin waɗannan sautuka a waƙoƙin ƙauyensu na Morabiya, ya rubuta wasan kwaikwayo na waƙa sukutum da rubu'in sauti, aka nuna shi a Munik a 1931, kuma sai da aka ƙera masa kayan kiɗa na musamman. A shekarun 1930 ɗin dai wani Bajamushe, Fritz Schuller, ya ƙera kilarinet mai bututu biyu a jere, ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo, da makunnin da ke juya iska daga wannan zuwa wancan. Dabara ce mai kyau, amma ba ta samu kasuwa ba. A ganinmu dalilin a fili yake: ya mai da matakai 12 sun zama 24, alhali abin da ake nema ba ya tsayawa wuri guda. An ga haka a taron kiɗan Larabawa da Sarki Fu'ad ya kira a Alƙahira a 1932, wanda Haba da Bela Bartok suka halarta. An yi ta muhawara kan ko a tsayar da matakai 24 daidai wa daida, ba a daidaita ba. Sautin da ake kira rubu'i a Bayati ba daidai yake da na salon Rast ba, kuma na Alƙahira ba shi ne na Halab ko Istanbul ba. Kunne ke yanke hukunci, ma'auni yana biye.

Yanzu mu dawo gida. Boko da muke rubutu da shi ai kilarinet ne, an huda shi don bakin wasu. Waɗanda suka yi zamanin tafireta sun tuna yadda ake gama buga labari sannan a bi shi da biro ana yi wa ƙ da ɗ da ɓ ƙugiya ɗaya bayan ɗaya. Wannan an magance shi, ko wayar hannu tana da su yanzu. Abin da har yau boko bai huda mana ba shi ne hawa da saukar murya da jan wasali. Kuka na ido da kuka ta miya rubutunsu ɗaya. Gari da ake zama da gari da ake tuƙawa haka. Wannan ma mai sauƙi ne, jimla na warware shi. Mai wuyar shi ne "to". Akwai "to" ta yarda, akwai ta mamaki, akwai ta amarya da ta ji maganar uwar miji ba ta da ikon mayarwa, akwai ta uba da ya gama magana ba ya son ƙari. A takarda duk haruffa biyu ne.

Mukan karanta rubuce-rubucen sababbin marubuta, mu ga an jera alamar motsin rai uku ko huɗu bayan kalma, ko a ce "ta faɗa cikin fushi da takaici da ɓacin rai". Wannan shi ne bututu na biyu na Schuller. Gwanin da muka fi so shi ne wanda zai sa matar ta ajiye kwanon tuwo, ta gyara mayafi, ta dubi ƙofa, sannan ta ce "to". Ya toshe wata huda a ƙasa, kalmar ta sunkuya da kanta.

Akwai dai inda dabara ke ƙarewa. A can ƙasan kilarinet, inda ƙananan yatsu ke danna maɓallai, babu hudar da yatsa ke taɓawa kai tsaye balle a rufe rabinta, kuma babu wasu na ƙasa da za a toshe. Leɓe ma a wurin kaɗan yake iya yi. Idan rubu'in da ake so ya faɗo nan, abin da mabusa kan yi shi ne su ɗauke waƙar baki ɗaya su fara ta daga wani mataki, yadda sautin mai gardama zai faɗo ƙarƙashin yatsan da ke kan huda. Haka muka yi da namu Bayatin, muka ɗaga shi sama zuwa tsakiyar sarewar.