Layin da jadawali ba ya da shi

Mu masu rubuta manhaja muna da wata ɗabi'a: duk abin da za mu saya, sai mun buɗe jadawali a kwamfuta, mu jera abubuwan da yake iya yi a gefe guda, farashi a ɗaya gefen, mu bar lissafi ya raba gardama. Da waya ko laftof hakan na aiki. Da tsohuwar kyamarar fim mai awon nisa, wadda 'yan harkar ke kira renjfainda, jadawalin yakan kai mu ya baro.

Ga yadda take aiki. In muka leƙa tagarta, akwai ɗan tabo mai haske a tsakiya, inda abin da muke kallo ya zama biyu. Muna murɗa gilashin gaba, siffofin biyu suna matsowa har su haɗe. Da sun haɗe, saiti ya yi. Tagogi biyu ne ke kallon abu ɗaya daga wurare daban, kamar idanunmu.

Sarauniyarsu ita ce Leica M3 da Jamusawa suka fitar a 1954. A jadawalinmu kuwa ba ta da abin kirki: ba ma'aunin haske, ba ta zaɓar maka komai, ga tsada. Yashica Electro 35 ta Japan, ta 1966, ta doke ta a kusan kowane layi. Tana auna haske da kanta, ta zo da gilashinta mai kyau na milimita 45, kuɗinta kuma bai kama ƙafar na Leica ba.

Sai dai hankalin Yashica duk yana jikin batir ne, batirin kuma mai sinadarin makuri ne, an daina yin sa saboda guba. Dole a yi mata dabarar wani. A cikinta akwai wani ɗan guntun roba da shekaru ke cinyewa, in ya lalace komai ya rikice. Wannan ciwon mun san shi a wurin aiki: ka ɗora manhajarka a kan ta wani, mai ita ya watsar da ita ya yi gaba, kai kuma kana nan riƙe da igiyar da ba a ɗaure ta a komai ba. Shi ya sa muka ƙara layin da ba ya cikin tallar kowa: in ta tsaya, wa zai gyara, da me? Kyamarar da ke tafiya da waya mai tsalle da haƙoran ƙarfe, irin na agogon da, ana wanke ta a sa mata mai ta tashi. Mai lantarkin shekarun 1970 kuwa, sau da yawa sai an fasa wata gawar an ciro mata kaya.

Canonet QL17 GIII ta 1972 tana tsakiya. Ita ma ma'aunin haskenta batirin makuri yake so, amma ko ba batir tana ɗaukar hoto, kai ne za ka saita komai da hannu.

Akwai kuma na Tarayyar Sobiyet, irin su Zorki 4 da aka fara ƙerawa a 1956 a Krasnogorsk, kusa da Mosko. Arha ce, gilashinta Jupiter-8 kwafin Sonnar na kamfanin Zeiss ne, kuma yana fitar da fuska da kyau. Amma sa'a ce, wata lafiya lau, wata ciwon kai. Tana da doka: sai ka ja fim kafin ka sauya gudun labule, in ba haka ba ka iya ɓata ta. Labulen nan da ke buɗewa haske ya faɗa kan fim na yadi ne, haka ma na Leica. In aka bar gilashi ba murfi yana kallon rana, zai iya ƙona shi ya huda. Wanda ya san ranar watan Afrilu a wajenmu ba zai ɗauki wannan da wasa ba. Canon P ta 1959 labulenta na ƙarfe ne, yakan yamutse amma ba ya ƙonewa, kuma tana karɓar tsofaffin gilasan Leica masu murɗawa. In za a bi ta tamu, a nan kuɗi da inganci suka fi haɗuwa.

Farashin kansa ba ya ƙarewa a ranar saye. Fim ɗaya hoto 36 ne, daga waje yake zuwa, dala ce ke juya kuɗinsa, sannan ga wanki ga mayar da hotunan kwamfuta. Wanda ya zuba duk abin da ya tara a Leica, zai rataye ta a wuya ba fim a ciki.

Kafin mu tura wa mai sayarwa ko kwabo, abu uku muke nema. Ya haska gilashin da tocila mu ga ko fumfuna ta kama shi. Ya danna a gudun daƙiƙa ɗaya mu ji ko tana jan ƙafa. Sannan ya sa wayarsa a bakin tagar ya ɗauko mana tabon nan, domin in ya dushe, gyaransa na iya fin kuɗin kyamarar.