Wa Ya Rasu?

Shekara goma sha ɗaya ina magana a gaban makirufo a Maraɗi, ban taɓa shakkar kunnena ba. In aka miƙo mini takardar labari, tun ban kai ƙarshen layi ba na san inda jimla ta gurgunce, sai in gyara ta a baki, mai saurare bai ma sani ba. Da wannan taƙama na fara shirin jarrabawar GMAT a farkon 2023.

Abin da ya kai ni ba wani dogon buri ba ne. Gidan rediyonmu da talla da sanarwa da katin gaisuwa yake rayuwa. Wani watan albashi ya zo, wani watan a ba ka haƙuri. Muna da murya, amma babu wanda ya karanci yadda ake tafiyar da kasuwancin. Sai na sami labarin wata makaranta a ƙetare da ke duba mai difloma irina, in yana da shekarun aiki da maki mai kyau a wannan jarrabawa. Kuɗin rajista ya kusa dala 300, ta Amurka fa, ba dalarmu ta sayen ƙosai ba. Mai ɗakina ta ce in gwada, za ta riƙe cefane da kuɗin adashinta har in tara.

A lokacin, ɓangaren harshe na jarrabawar tambaya 36 ne cikin minti 65, wato kowace tambaya ba ta kai minti biyu ba. A cikinsu akwai na gyaran jimla. Za a ba ka jimlar Ingilishi an ja layi a ƙarƙashin wani yanki nata, sannan zaɓi biyar. Na farko shi ne yankin yadda yake, sauran huɗun kuma an sake masa tsari. Aikinka ka zaɓi wanda ya fi daidai. Na ce a raina, ai wannan sana'ata ce. Daren farko na yi ashirin, na ci bakwai.

Ingilishi harshena na uku ne. Hausa na sha a nono, Faransanci na sha a lakwal da dikte da jan biro, Ingilishi kuwa ƴan awoyi ne a mako a kwaleji, sai abin da na tsinta a tashoshin Najeriya. Duk zaɓin da ya yi mini daɗi a kunne, in na duba sai in tarar ƙirar Faransanci ce sanye da rigar Ingilishi.

Akwai wani tsohon malamin Ingilishi na lise a layinmu, ya yi ritaya, kowa Mushe yake ce masa. Na kai masa kukana bayan la'asar. Ya duba littafina ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, kai saurare kake yi. Wannan ba a saurarenta, fiɗa ake yi mata. Nemo mai aikin, nemo aikin, sauran duk kitse ne."

Haka muka fara. Ya nuna mini yadda masu tsara tambaya ke nesanta mai aiki da aikinsa, su cusa dogon bayani a tsakani don ka manta ko guda ne ko jam'i. Da Hausa ya ba ni misali: jerin sunayen manoman da suka karɓi taki bara, ya iso ne ko sun iso? Baki zai so ya ce sun iso, don manoma ne kusa da kunne, alhali jerin ne ya iso. Ya nuna mini cewa in an jero abubuwa, dole su zo da siga ɗaya, ba a ce tana son karatu da rubutu da ta yi waƙa ba. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne na kwatance. Kowace Juma'a ina karanta farashin kasuwa, ina cewa tiyar gero a Maraɗi ta fi Damagaram tsada. Mushe ya ce, "To, nawa ake sayar da Damagaram ɗin?" Na ce, "Haba Mushe, ai kowa ya gane." Ya ce, "Kowa a nan ya gane. Takarda ba ta da maƙwabci da zai fassara mata."

Na riƙa yin gardama da shi, kuma har yau ina ganin ina da gaskiya a wani gefen. Hausa ba ta yi laifi ba don ta bar wa mai ji abin da ya riga ya sani. Ƙa'idar jarrabawar ta rubutun Ingilishi ce, ba ta duniya ba.

Ranar da muka zo kan wakilin suna ne bakina ya mutu. Ƙa'idar ita ce, duk "shi" ko "ita" da ke cikin jimla dole ya koma kan abu guda tak, ba tare da mai karatu ya yi canke ba. Mushe yana bayani, ni kuwa hankalina ya koma 2017.

Wata safiya aka miƙo mini labarin haɗari ana saura minti biyu in shiga. Na karanta cewa wani direban motar haya da ke jigila tsakanin Maraɗi da Ɗan Isa ya buge wani ɗan kabu-kabu, ya rasu nan take. Ban ji komai a jimlar ba, ta zauna daram a kunne. Ban fito daga ɗakin watsa shiri ba waya ta fara ruri. Ba a yi awa ɗaya ba sai ga wata tsohuwa a ƙofa, ta taho a ƙasa daga unguwarsu, mayafi a karkace. Ɗanta direba ne a wannan hanya, wayarsa kuma ba ta shiga. Ta kama hannun rigata ta ce, "Ɗan nan, wa ya rasu? Mai motar ko mai babur?" Na ce, "Inna, mai babur ne." Ta zauna a ƙasa tana kuka, tana hamdala, tana kuma neman gafarar Allah don ta yi hamdala a kan mutuwar ɗan wata.

Shekara shida ina ɗora laifin wannan safiya a kan gaggawa. A kan tabarmar Mushe na gane cewa ko an ba ni awa ɗaya, haka zan karanta ta, don ni na san wanda ya rasu, kunnena kuma bai taɓa tambayar abin da na riga na sani ba.

Daga nan na daina ƙidaya maki kawai. Zuwa damina ina cin sha biyar, sha shida cikin ashirin. Sai aka yi juyin mulki a watan Yuli, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke mana wuta. Na ci gaba da fitilar waya, amma talla ta ja baya, albashi ya tsaya, kuɗin rajistar muka ci shi a tuwo. Ana cikin haka, a watan Nuwamba aka fito da sabon tsarin jarrabawar, tambaya 23 cikin minti 45 a ɓangaren harshe, an cire gyaran jimla ɗungurungum. Tsohon tsarin ya rufe a ƙarshen Janairun 2024, takunkumi kuwa sai a Fabrairu aka ɗage shi. Abin da na shafe kusan shekara ina koyo, babu mai tambayata shi kuma.

Na yi kwana biyu ban gaya wa mai ɗakina ba, don adashinta nake jin kunya. Da na faɗa mata, sai ta ce, "To, an cire shi daga takarda. An cire shi daga kanka ne?" Mushe kuwa cewa ya yi in zo mu fara karatun dogayen nassoshi, su ba a cire su ba.

Har yanzu ban zauna jarrabawar ba, ina sake tari. Amma a wurin aiki na ɗauki wata ɗabi'a da ke ba abokan aikina dariya. Kowace takarda aka miƙo mini, ko saura minti ɗaya, sai na bi ta da biro na zagaye kowane "ya" da kowace "ta", in tambayi kaina na wane ne. In amsar ta zama biyu, sai in maimaita sunan, ko da jimlar za ta yi nauyi a baki. Makon jiya wata ɗaliba mai koyon aiki ta kawo mini labarin rikicin manomi da makiyayi, ta rubuta cewa an kai shi gidan likita. Na mayar mata da takardar na ce, "Ƙanwata, an kai wa?"