Jirgin da bai taɓa shan gishiri ba

Ka taɓa ganin jirgin yaƙi mai tafiya da iska? Ni a hoto na gan shi. Sunansa Biktori, na Ingila. An sa shi a ruwa a 1765, ya shiga yaƙin Tarafalga a 1805 da igwa 104.

Wata uku ina sassaƙa ƙaraminsa da itace, tsawon kamu ɗaya, don ɗaliban karatun manya su ƙirga igwa su rubuta lamba. Na shafa masa fenti baƙi da rawaya, layi-layi, yana ƙyalli kamar kwanon amarya.

Wani tsoho da ya yi dako a tashar jiragen Kwatano ya jujjuya shi, ya ce: "Malam, wannan bai taɓa shan gishiri ba." Aji ya fashe da dariya. Na ji kunya ƙwarai. Malamin da aka kama da ƙarya a itace, wa zai yarda da baƙinsa a allo?

To, na koma aiki. Na jiƙa filafilan a ruwan shayi. Na goga hayaƙin fitila a bakin igwa da gashin kaza. Gindin jirgin tagulla aka lulluɓa masa, sai na sa kore mai ruwa-ruwa inda teku ke tsayawa, da ɗan jan tsatsa ƙarƙashin anka. Da fari na cika hannu, ya zama kango, na goge rabi.

Saura rawayar. A 2015 masu kula da jirgin sun bincika tsohon fentinsa, suka tarar ta fi haka haske, ta karkata ga ja-ja. Na ce: "Baba, sai na sake shafawa." Ya ce in bari sai ya gama ƙirga igwa, yana 61.