Mun Bar Askar Wanzami, Reza Ta Koya Mana Hankali

Mu da muka taso a Jimeta, wanzami muka sani. Ranar Juma'a ya zo da zabirarsa, ya wasa aska, ya jiƙa mana kai, ya aske tas. Da aka fara faɗakarwa cewa aska ɗaya ga kowa na iya yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau, sai muka shiga Kasuwar Jimeta muka sayo reza da mariƙinta na ƙarfe.

Wallahi askin farko mun ga jini. Ƙeya da wuya duk ƙuraje, ga zafin Yola na watan Afrilu, gumi na shiga kamar an zuba barkono.

Ashe laifin hannunmu ne, dannawa muke yi, alhali nauyin mariƙin ya isa. A jiƙa gashi da ruwan ɗumi, a sa kumfar sabulu sosai, a bi inda gashin ya kwanta a hankali. A ɗaure rezar ta zauna daidai. In ta fara fizgar gashi, a canza ta. In an gama, a goga alimun.

Yanzu 'ya'yanmu sun kai aski da kansu. Mu zauna mu nuna musu. Kuma kowa da rezarsa, ba aro, ko tsakanin wa da ƙane.