Yadda Muka Zaɓi Allon Kwamfuta A Gidanmu

Muna so mu ba ku labarin wata shawara da muka yi a gidanmu a nan Zuru, gama gidajen masu bi da yawa suna fuskantar irinta.

A zamanin iyayenmu, aikin takarda a ofis yake ƙarewa. Yanzu kuwa ya biyo mutane har gida. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB take yin jarrabawarta da kwamfuta, a 2020 kuma aka kafa Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a garinmu. Malami da ɗalibi da magatakardan ikilisiya, kowa yana neman ƙaramar kwamfutar nan ta sawa a jaka, wadda ake ce da ita laftof. Mu ma muna da guda. Maigida yana rubuta lissafin baiko a kanta, uwargida tana shirya sakamakon 'yan ajinta, yara kuma suna koyo.

Allon laftof ɗinmu inci 14 ne. Ga matafiyi ya isa. Amma wanda zai zauna awa huɗu yana duban ƙananan lambobi, tilas ya sunkuya, wuya ya ƙage, ido ya yi ja. Masu rubuta Hausa kuma suna da tasu wahala. A ƙaramin allo, lanƙwasar da take bisa ƙ da ɗ da ɓ ba ta fita sosai. Mutum ya so ya rubuta "baƙi", sai ya bar "baki", takardar gayyata kuwa ta tafi haka nan. Saboda haka muka ce za mu nemi babban allo na dabam, watau monita, wanda ake haɗawa da laftof da waya.

Kafin mu je kasuwa sai da muka zauna muka yi lissafi, kamar yadda Ubangiji ya koyar cikin Luka sura 14 a kan mai shirin gini. Kuɗin makarantar yara yana gabanmu, dawa kuwa ba ta iso gida ba tukuna. Babban ɗanmu ya ce, "Baba, ku sayi akwatin talabijin mai inci 32 mana. Da rana ku yi aiki da shi, da dare mu kalli ƙwallo." Maganar ta yi daɗin ji. Amma uwargida ta ce, "Maigida, bari mu tambayi wanda ya sani tukuna." Muka tambayi wani ɗan'uwa mai gyaran kwamfuta, ga kuwa abin da muka koya.

Na fari, girman allo dabam, kyawun rubutu dabam. Hoton da muke gani ƙananan ɗigogi ne aka jera. Allon aiki mai inci 24 yakan zo da ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, watau sama da miliyan 2. Talabijin masu araha na inci 32 kuwa, da yawansu ɗigo 1366 da 768 ne, wajen miliyan 1 kaɗai. Kamar a shuka mudu ɗaya ne a gonar da take bukatar mudu uku. Daga nesa hoto ya yi kyau, amma a kan tebur rubutu sai ya yi dishi-dishi.

Na biyu, batun wuta. Laftof tana da batir, ko an ɗauke wuta tana aiki. Monita ba haka yake ba, wuta tana tafiya sai ya mutu. Wanda yake dogara ga hasken rana da batir, sai ya karanta takardar da aka manna a bayan allon. Na inci 24 irin na yanzu yakan ci wajen wat 20 zuwa 30. Tsofaffin nan masu ƙusumbi sukan ci ninki biyu ko uku. Da damina kuma, in hadari ya taso, a zare waya daga bango. Rigakafi ya fi magani.

Na uku, a duba bakin waya. Yawancin laftof suna da kafar da ake kira HDMI. Allunan na hannu da ake kawowa daga Kano ko Ikko, waɗansu suna da tsohuwar kafa ce mai launin shuɗi mai ramuka 15, watau VGA, wadda ta fito tun 1987. In ba su dace ba, sai an sayi mahaɗi, ƙarin kuɗi ke nan. Domin haka ku ɗauki laftof ɗinku zuwa shago, a haɗa a gabanku. Ku sa a nuna farin shafi, kāna baƙi, ku duba ko akwai tabo ko layi. Ku koma gefe ku duba. Irin allon da ake kira IPS ba ya dushewa ko an kalle shi ta gefe, mutum biyu suna iya karatu tare. Ku guji mai ƙyalli kamar madubi, gama hasken taga zai dame ku.

Na huɗu, yadda za a zauna. Saman allo ya yi daidai da ido, nisansa kuwa kamar tsawon hannu in an miƙe shi. Likitocin ido suna ba da shawara, bayan kowane minti 20 mutum ya ɗaga kai ya dubi wani abu mai nisan ƙafa 20, na daƙiƙa 20. Da hunturu a rufe allon da ƙyalle saboda ƙura.

Muka jira har aka biya kuɗin makaranta, aka yi kaka, aka fitar da zakka, sa'an nan muka sayi na hannu mai inci 24. Ba mu ci bashi ba. Ƙwallo kuwa, yaro ya ci gaba da kallonta a gidan kawunsa.

Sauran magana ɗaya, ita ce ta fi nauyi a wurinmu: ina allon zai fuskanta? Laftof da wayar hannu, mutum yana iya juya su ga bango ya ɓoye abin da yake kallo. Babban allo ba ya ɓoyuwa. Muka ajiye tebur yadda duk mai wucewa ta ƙofa zai ga abin da yake kai. Dokar nan ba ta yara kaɗai ba ce, ta fara daga maigida. Intanet tana kawo wa'azi da darasi, tana kuma kawo caca da hotunan lalata, ta hanya guda. Abin da uba ba zai so 'yarsa ta gani yana kallo ba, bai kamata ya kalla ba. Lissafin kuɗin ikilisiya ma, gwamma a yi shi inda ido biyu ko huɗu suke gani. Lokacin addu'ar iyali kuma allo yana a kashe.

In ba ku da halin saye yanzu, kada ku damu, kada kuma ku taɓa kuɗin abincin yara. Ku ɗora laftof bisa tarin littattafai har ta kai ido, ku sayi allon haruffa da linzami na dabam, waɗanda kuɗinsu kaɗan ne, ku kuma ƙara girman rubutu. Wuya zai huta, ido ma haka.

Ido kyautar Allah ne, ba a kuwa sayar da shi a kasuwar Zuru. Ubangiji ya ba mu hikima mu kiyaye idanunmu da na 'ya'yanmu. Amin.